Lahadin da Ba Mu Shuka Ba

Ruwan farko na bana ya sauka ranar Laraba da la'asar, muna cikin aji a Dakoro. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har mushe, wato malaminmu, ya ajiye alli ya zauna, don ba mai jin abin da yake faɗa. Washegari rabin ajin ba kowa. Duk wanda gidansu ke da gona ya tafi shuka, ko da yake jarrabawa ta kusa, kuma ba wanda ya nemi dalili. Ni ma na hau amalanken 'yan kasuwa na tafi ƙauyenmu. Ina bin Baba a baya, yana sara da sungumi, ina jefa iri ina rufewa da diddige, sai ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi ya cika mini hanci, na ji raina ya ɓaci. Shekara bakwai ke nan ruwan farko yana yi mini haka. Mutane suna murna, ni haushi ke taso mini.

Ina da shekara goma sha ɗaya muka zo Nijar. Majami'armu ta gida, can kudancin Kaduna, ita ta turo Baba aikin bishara. Ranar da za mu taso matan zumunta sun yi mana waƙa, sun ba Mama tukwane da bargo biyu. Bargo! Mun iso a tsakiyar bazara, lokacin da ko cokali ka bari a rana ba ka iya ɗauka da hannu. Leɓen Mama ya tsage a makon farko. Ƙanwata Murna tana goye a lokacin, ƙuraje suka feso mata a wuya. Rijiyar garin kuwa, sai an ɗaura igiya a jikin bijimi, ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ta fito.

A lakwal, wato makaranta, aka sa ni ajin ƙananan yara don ban san Faransanci ba. Gwiwoyina suna bugun tebur. Dama can ni ba mai magana ba ce, a nan kuwa sai na rufe baki gaba ɗaya. Kallo kawai nake yi.

Mai gari ya karɓe mu da mutunci. Ya sa maƙwabcinmu, wani tsoho da ake kira Baba Nomau, ya ara wa Baba gona a arewacin gari. Ranar da Baba Nomau ya ga garmar da Baba ya ɗauko tun daga gida, sai da ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Malam Bitrus, mi za ka yi da wagga? Kabari za ka gina?"

Baba ya ce huɗa zai yi, ya ta da kunyoyi, kamar yadda ake yi a wajenmu.

"Aje ta. Ƙasarmu ba ta son a juya ta." Ya miƙa masa sungumi. "Abu guda ni ke so ka riƙe. Ran da ruwa ya sauka, ran nan a ke shuka. Ko gawa ke gare ka, ka bizne ta da wuri ka tahi gona."

Baba ya yi dariya, ya yi godiya. Ina tsaye a wurin. Na ga fuskar tsohon, ba wasa yake yi ba.

Mai bi, wato Kirista, ɗaya ne a garin kafin mu zo, Ɗan Tani. Ya karɓi bangaskiya ne a wajen ci-rani, shekaru da suka wuce, kuma saboda shi aka turo mu nan ba wani gari ba. Dogo ne, mai sanyin murya, yana da tabon ƙuna a bayan hannu. Shi da Baba suka kafa rumfar karan da muke sujada a ciki. Matarsa, Inna Hassu, tana nan a Musuluncinta, da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa shiga rumfar ba, amma kusan kullum sai ta aiko wa Mama da fura, wai mai goyo ba ta zama da ƙishi. Ita ta koya wa Mama jiƙa zane a rufa wa Murna in rana ta take.

Muka yi ta jiran ruwa. A gida, iyanzu masara ta kai gwiwa. A nan kullum sai hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Hatsin da muka saya da isowarmu yana ta raguwa a buhu. Mama takan zura hannu ta auna. Kowa a gidan ya san abin da za mu ci shekara mai zuwa yana cikin gonar nan da ba a shuka ba tukuna.

Ruwan ya zo ranar Asabar gab da magariba. Jar iska ta riga shi, ta cika mana tuwo da ƙasa, sannan ya kece. Bai daɗe sosai ba, amma ya jiƙa ƙasa. Na fita na tsaya a ciki, Mama ba ta hana ni ba.

Da gari ya waye, Lahadi ke nan, garin ya tashi kamar an yi gobara. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a kai, yara har da waɗanda ba su daɗe da fara tafiya ba. Ba a ko tsaya gaisuwa. Baba Nomau ya yi sallama a ƙofarmu, ya tarar da Baba sanye da farar rigarsa ta sujada, yana goge takalmi.

"Malam, ba ka shirya ba?"

"Yau Lahadi ce, Baba. Ranar hutu ce a wurinmu. Gobe da sassafe in Allah ya kai mu."

"Gobe?" Ya juya ya dubi sama, ya dubi Baba. "Mu ma muna da Juma'a. In ruwa ya sauka ran Juma'a, mu kan shuka, mu tahi masallaci da ƙasa ga ƙahwa, mu komo mu ci gaba."

"Kowa da tafarkinsa, Baba. Wanda ya ba da na jiya zai ba da wani."

"Zai ba da. Amma ba ya hwaɗin rana."

Ya tafi yana girgiza kai. Bai yi nisa ba sai ga Ɗan Tani, shi ma da sungumi, Inna Hassu tana tsaye can bakin hanya da ƙwaryar iri da yara. Ya ce ya biyo ne Baba ya yi masa addu'a kafin ya wuce gona.

Baba ya ajiye takalmin. Ya yi masa magana a hankali, cikin taushi, kuma wannan taushin ne ya fi ba ni haushi in na tuna. Ya ce duk garin idonsu yana kan su biyun. Ya ce in suka karya ranar Ubangiji tun a shekarar farko, me za su faɗa wa mutane kuma? Ya ce a gida bai taɓa riƙe fartanya ran Lahadi ba, kuma bai taɓa kwana da yunwa ba.

Gaskiya ya faɗa. A gida in ruwa ya sauka yau, jibi ma zai sauka. Ƙasar can baƙa ce, tana riƙe laima mako guda. Baba ya ɗauko Lahadinsa daga inda ruwa ba ya yankewa, ya kawo ta nan ya dasa a kan rairayi, bai tambayi kowa ba.

Ɗan Tani ya san ƙasarsa. A nan aka haife shi. Na ga yana murza ƙotar sungumin da babban yatsa, yana kallon matarsa daga nesa.

"Pasto, ƙasar ga ba ta kwana biyu."

"Ka gwada Ubangiji ka gani, ɗan'uwa."

Ya jingine sungumin a jikin darni.

Inna Hassu ta ƙwala masa kira sau biyu. Da ta ga ya shiga rumfa, sai ta zo har bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan Tani, ni zan sara in jehwa in ruhe, da goyo? Ɗiyanka waƙa za su ci?"

Bai ɗago kai ba. Ta ɗauki sungumin da kanta ta wuce. Daga baya na ji ɗan kwarin da ke ƙasan gonarsu kaɗai ta iya shukawa kafin ƙarfinta ya ƙare.

Mu huɗu muka yi sujada ran nan, Murna ta biyar. Garin shiru, ko daka ba a yi, sai muryarmu. Ina zaune a bakin tabarma, inda inuwa ta ƙare. Da muka fara waƙa, rairayin gabana baƙi ne. Na tura babban yatsan ƙafata ciki, sanyi. Da Baba ya buɗe Littafi, saman ya fara yin fari-fari, kamar an barbaɗa gari. Wajen tsakiyar wa'azi wata busasshiyar iska ta taso daga arewa, mai zafi kamar an buɗe tanda. Na sake tura yatsa, sai da ya nutse duka kafin na ji laima. Ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba. Na lura Ɗan Tani ma ƙasa yake kallo, daidai wurin da nake tonawa.

Bayan addu'ar rufewa ya ce, "Pasto, da marece hwa? In rana ta yi sanyi?"

"Ranar duka tasa ce, ba rabi ba."

Mama ta buɗe baki, ta dubi Baba, ta rufe. Ita ma ina jin haushinta a kan wannan, ko da yake kaɗan ne.

Litinin tun da duhu-duhu muka fita. Sungumi yana sara, ƙura tana tashi. Baba ya ce mu zuba, akwai laima a ƙasa. Muka zuba irin duka, tiya bayan tiya. Wanda ya tsiro bai kai a ƙirga ba, shi ma kwana uku ya yi ya ƙone. Sauran tururuwa da ɓeraye suka tone. Gonakin da ke kewaye da tamu kuwa suka yi layi-layi kore, don saiwarsu ta bi laimar ta yi ƙasa tun tana nan.

Kwana ashirin da huɗu ba a sake ɗigon ruwa ba. Na ƙirga, da gawayi a bayan ƙofar ɗakinmu. Geron mutane ya nannaɗe ganye, ya yi toka-toka, amma bai mutu ba. Tamu gonar fili ce kawai, sai tumfafiya biyu. Kowace safiya Baba yakan tara mu addu'ar ruwa. Ina rufe ido, ina cewa amin, a raina kuwa ina cewa, ai an ba mu.

Furar Inna Hassu ta daina zuwa. In ta haɗu da Mama a rijiya takan amsa gaisuwa a gajarce, ta juya baya.

Da ruwa na biyu ya sauka, ranar Talata ce. Ba mu da iri. Baba Nomau ya aiko da shi a ƙwarya ba tare da an roƙe shi ba, kuma bai ce uffan a kan abin da ya wuce ba. Muka shuka, Ɗan Tani ma ya shuka. Amma lokacin da mutane suke maimai, mu noman farko muke yi. Geronsu ya kai ƙirji, namu yana idon sawu. Duk wanda ya bi ta hanyar arewa yana iya nuna gonakin Kirista biyu ba tare da an faɗa masa ba.

A watan nan buhu ya ƙare. Abin da ake aiko mana daga gida ba ya zuwa a kan kari, in ya zo kuma ba ya kai mu ko'ina, don hatsi ya yi tsada a kasuwar Dakoro. Muka koma ci sau ɗaya, da la'asar. Mama ba ta san ganyen ƙasar nan ba, kuma kunya ta hana ta tambaya. Ni na koyo. Nakan bi Inna Hassu daga nesa in ta fita daji da yaranta, in ga abin da ta tsinka, in ta wuce in je in tsinki irinsa. Haka na san tafasa da yaɗiya. Haka na san 'ya'yan anza, da yadda ake jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Na farko da muka dafa bai jiƙu sosai ba. Ɗacinsa ya kwana biyu a harshena. Na tabbata Inna Hassu ta san ina bin ta, don wata rana ta tsinko wani ganye, ta ɗaga shi sama yadda zan gani, ta jefar, ta taka shi da ƙafa. Ban taɓa tsinkar wannan ba.

Nonon Mama ya ragu. Murna ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi kamar na mage. Gashinta ya yi ja. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai, yadda na zata a da. Takan sa ka ji ƙarar tabarya daga gida na biyar, ka san ko gero ake dakawa ko dawa. Baba shi ma ya rame, wuyan farar rigarsa ya yi masa yawa. Sau da yawa yakan ce ya ƙoshi ya tura mana kwanonsa. Na san ƙarya yake yi, na san don mu yake yi, kuma ko wannan bai rage mini haushi ba. Nakan cinye.

Ruwa ya ɗauke lokacin da geronmu yake bununi, bai fara ƙwaya ba. Na mutane ya riga ya yi ido, yara suna gasa tumu a bakin gonaki, ƙamshin yana biyo iska har gidanmu. Namu zangarkun suka tsaya tsaye cak, ba nauyin da zai sa su sunkuya. In ka murza ɗaya a tafi ka hura, abin da zai rage bai cika cokali ba. Dami goma sha biyu muka ɗaure. Ɗan Tani ya sami huɗu, yawanci daga kwarin da matarsa ta shuka.

Bai jira an gama kaka ba. Ya zo da 'yar jakarsa ya ce zai tafi arewa neman aiki, ko Agadas ko gaba. Baba ya ɗora masa hannu ya yi doguwar addu'a. Ɗan Tani ya ce amin a hankali, ya shafa kan Murna, ya fita.

Bayan mako biyu baƙi suka zo daga majami'armu ta gida, dattawa biyu a mota. Sun kawo littattafan waƙa da kwalin sabulu. Suka ɗauki hoton rumfa, da hoton rijiya, da hotonmu muna tsaye a jere, ɗayansu yana cewa, "Rahila, yi murmushi mana." Mama ta yanka kazarmu ta ƙarshe. Suka zauna a rumfa, Baba yana ba su labarin aiki, ɗaya yana rubutawa don a karanta wa jama'a a gida. Aka ce in kawo ruwa.

Ina durƙushe ina zubawa na ji mai rubutun ya tambayi gona.

Baba ya ce, "Ubangiji ya gwada mu da fari bana. Amma mun tsaya."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya fara rubutawa. Na ga bakin biron yana tafiya a kan takarda. Na ga za a ɗauki maganar nan a kai ta gida, a karanta, mata su ce kayya, a yi tafi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba fari ba ne."

Duk suka juyo.

"An yi ruwa. Kowa ya shuka, kowa ya samu. Mu ne ba mu shuka ba, don Lahadi ce. Baba ya hana Ɗan Tani ma. Yanzu ya tafi, yaransa suna cin anza."

Ruwan yana ta zuba a tabarma ban sani ba. Mama daga bakin ƙofa ta ce, "Rahila!" Ɗaya dattijon ya yi 'yar dariya ya ce yaran yanzu sai addu'a. Mai rubutun bai yi dariya ba, amma bai goge abin da ya rubuta ba, kuma bai ƙara komai ba. Ya rufe littafin. Ban dubi Baba ba. Ƙafafunsa kawai na gani, yatsun sun ƙanƙame takalmi.

Na jira duka, bai zo ba. Na jira faɗa, shi ma bai zo ba. Baƙi suka tafi da la'asar. Baba bai ci abinci ba, bai yi mini magana ba.

Yanzu rumfar ta zama ɗakin ƙasa, mukan kai mutum goma sha a ciki. In ruwan shuka ya faɗo a Lahadi, Baba yakan ce a taru da yamma, ya ɗauki sungumi kamar kowa. Bai taɓa bayyana dalilin canjin ba, a wa'azi ko a gida. Ɗan Tani ya dawo bayan shekara biyu. Suna gaisawa da Baba a hanya, har su tambayi iyali, amma bai sake shiga sujada ba.

A waccan shekarar, washegarin tafiyar baƙin, da hantsi, Baba ya shiga inda muka jingine dammanmu, ya fito da ɗaya a kai. Ya koma ya ware biyar a gefe. Bai shawarci Mama ba. Tana tsaye da Murna a hannu tana kallon rabin abincin shekararmu, wanda dama ba zai kai mu ko'ina ba.

"Bitrus, mu fa?"

Ya gyara damin a kansa. Ya dube ni, karo na farko tun jiya.

"Ɗauki ɗaya ki biyo ni."

Damin ba nauyi, abin da ya fi ciwo ke nan. Muka ratsa gari, mutane suna kallo. A ƙofar gidan Ɗan Tani Baba ya tsaya, don namiji ba ya shiga, ya yi sallama. Ni na shiga da nawa. Inna Hassu tana tankaɗe. Ta dubi damin, ta dube ni, ta tashi ta leƙa waje ta ga Baba tsaye da nasa a kai. Ta zaro zangarniya ɗaya, ta murza a tafinta, ta hura, ta daɗe tana kallon 'yan ƙwayoyin da suka rage.

"Pasto, da magana ka zo, ko da hatsi?"

Na matso bakin ƙofa. Kalma uku kawai nake so in ji daga bakinsa, ko biyu, na amsa laifi. Ya sauke damin a hankali ya jingine a jikin darni, ya gyara masa zama kamar wani abu mai fashewa.

"Da hatsi," ya ce.

"To. Wanga ya kai mu wata biyu." Ta zuba ƙwayoyin a bakin ƙaramin ɗanta. "Uban ɗiyan hwa, wa zai ɗauko mani shi bisa kai?"

Baba ya tsaya, hannuwansa a sake, ƙaiƙayi a gashinsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Mu koma. Akwai saura huɗu."

Sawu uku muka yi. Da muka dawo na ƙarshe, mun tarar da Mama durƙushe a inda damman suka tashi, da rariya a hannu, tana tace rairayin wurin tana tsince geron da ya zube. Baba ya tsaya a kanta. Ba ta ɗago ba.

"Matsa," ta ce. "Kana taka mini."